Ingila: yadda kuɗin ƴan yawon ƙarshen mako ke riƙe da tsofaffin fadoji da ƙauyuka

Kowace safiyar Asabar, musamman daga watan Afrilu zuwa Satumba, jiragen ƙasa da manyan motocin bas na barin birnin Landan cike da mutanen da ba aiki za su ba, ba kuma gaida dangi ba. Wasu Turawan Ingila ne da ƴaƴansu, wasu baƙi ne daga Amurka, Sin, Japan, Indiya da ƙasashen Larabawa. Inda suka dosa shi ne tsofaffin fadojin sarakuna, da gidajen manyan masu sarauta, da ƙananan ƙauyukan dutse da ke yamma da birnin. Da yammacin Lahadi su komo gida, wayoyinsu cike da hotuna.

Duk wanda ya ga hotunan zai ɗauka dukiya ce da ba ta taɓa girgiza ba. Amma tarihi bai nuna haka ba. Da yawa daga cikin gidajen nan sun buɗe ƙofa ne bisa dole, lokacin da haraji da tsadar gyara suka fi ƙarfin masu su, kuma an rushe fiye da 1,000 daga cikinsu a ƙarni na 20. Waɗanda suka tsira, kuɗin tikitin masu ziyara ne ke gyara rufinsu a yau. A ƙauyukan kuwa, yawan baƙi ya kai matsayin da mazauna suka fara kokawa.

Yaushe aka fara wannan yawo?

Hutun ƙarshen mako kansa ba tsohon abu ba ne a Ingila. A farkon ƙarni na 19 ma'aikacin masana'anta na aiki kwana shida cur, Lahadi kaɗai yake hutawa. Dokar masana'antu ta 1850 ce ta tilasta a tashi mata da matasa daga aiki da ƙarfe 2 na ranar Asabar a masaƙu, daga nan rabin ranar hutu ya yi ta bazuwa zuwa sauran sana'o'i. A 1871 kuma majalisa ta kafa wasu ranakun hutu na ƙasa baki ɗaya.

Abu na biyu shi ne jirgin ƙasa. A watan Yuli na 1841 wani mutum mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirgi, ya kwashi mutane kusan 500 daga Leicester zuwa Loughborough don halartar taron masu yaƙi da shan giya, kowa ya biya sule ɗaya zuwa da dawowa. Daga wannan ƴar tafiya ta kimanin kilomita 18 aka samu kamfanin shirya tafiye-tafiye da ya yi suna a duniya. Da hutu da jirgi mai araha suka haɗu, talakan birni ya samu damar ganin wuraren da a da sai dai ya ji labarinsu.

Windsor: gobarar da ta buɗe ƙofar Buckingham

Fadar Windsor na da nisan kimanin kilomita 35 yamma da Landan, a kan tudun da ke kallon kogin Thames. William, basaraken Normandi ta Faransa wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta a wajejen 1070. Ita ce gidan sarauta mai ganuwa mafi tsufa kuma mafi girma a duniya da har yanzu ake zaune a ciki. A nan Sarki Charles na 3 ya sauki shugaban Faransa Emmanuel Macron a watan Yuli na 2025. A cikin ganuwar akwai cocin Saint George, inda aka binne sarakuna da dama, ciki har da Sarauniya Elizabeth ta 2 a ranar 19 ga Satumban 2022.

A ranar 20 ga Nuwamban 1992 wata fitila ta zafafa labule a wani ƙaramin ɗakin ibada na fadar, wuta ta tashi. Ta yi awa 15 tana ci, ta lalata ɗakuna 115. Nan take muhawara ta ɓarke a kan wanda zai biya kuɗin gyara, domin jama'a da yawa ba su yarda a ɗora wa masu biyan haraji ba. Mafitar da aka samu ita ce buɗe fadar Buckingham da ke Landan ga masu ziyara a lokacin zafi na 1993, karon farko a tarihi, kan fam 8 kowane mutum. Da wannan kuɗi, da wanda ake karɓa a ƙofar Windsor, aka biya kaso mafi tsoka na gyaran, wanda ya ci fam miliyan 36 da rabi, aka kammala shi a 1997. Gyara ya ƙare, amma ƙofar Buckingham ba ta sake rufuwa ba, har yau ana buɗe ta kowace shekara.

Hampton Court: fadar da sarakuna suka bari

Kimanin kilomita 20 kudu maso yamma da tsakiyar Landan, a bakin kogin Thames ɗin dai, akwai Hampton Court, fadar jan bulo. Tafiyar kusan minti 35 ce a jirgi daga tashar Waterloo. Ba sarki ne ya fara gina ta ba. Kadinal Thomas Wolsey, babban limamin coci kuma na hannun daman Sarki Henry na 8, shi ya soma aikin a 1514, ya ƙawata gidan har ya nemi ya fi na ubangidansa. Da ya kasa samo wa sarki izinin Fafaroma na rabuwa da matarsa ta fari, sai tauraronsa ya dushe, gidan ya koma hannun sarki kafin ƙarshen shekarun 1520.

Henry, wanda ya auri mata shida ɗaya bayan ɗaya, ya faɗaɗa fadar. A nan matarsa ta uku, Jane Seymour, ta haifa masa ɗa namiji a 1537, ta rasu bayan ƴan kwanaki. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu ziyara shi ne ɗakunan girki, masu manyan murahu inda ake gasa nama a kan dogayen ƙarafa, don ciyar da ɗaruruwan fadawa sau biyu a rana. Daga 1689 magini Christopher Wren ya ƙara wani sabon ɓangare bisa umarnin Sarki William na 3, mai kama da salon fadar Versailles ta Faransa. A lambun akwai itacen inabi da aka dasa a 1768, har yanzu yana ƴaƴa ana sayarwa, da wani shingen shuke-shuke mai ruɗaɗɗun hanyoyi da yara da manya ke shiga su ɓace suna dariya.

Sarki George na 2 ne na ƙarshe da ya zauna a nan. A 1838 Sarauniya Victoria ta buɗe fadar ga kowa kyauta, a 1849 layin dogo ya iso ƙofarta. A yau ba kyauta ba ce. Wata ƙungiya mai zaman kanta, Historic Royal Palaces, ke kula da ita tare da Hasumiyar Landan da wasu fadoji, kuma da kuɗin tikiti, na ƴan ƙungiya, na shaguna da na masu ba da gudummawa take gudanar da aikinta.

Blenheim: ladan yaƙi da Faransa

Wanda ya nufi ƙauyukan yamma yakan bi ta Oxford, garin tsohuwar jami'a, tafiyar kusan awa ɗaya a jirgi daga Landan. Kilomita 13 daga Oxford akwai ƙaramin garin Woodstock, a gefensa kuma fadar Blenheim. Ba gidan sarki ba ne. Gidan iyalin Duke na Marlborough ne, wato sarauta mafi girma a ƙasar bayan ta gidan sarki.

Sunan ya samo asali ne daga wani ƙauye a kudancin Jamus, inda a ranar 13 ga Agustan 1704 rundunar John Churchill da ƙawayensa ta karya sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa. Sarauniya Anne ta ba shi filin a matsayin tukuici, majalisa ta ware kuɗin gini. An fara aiki a 1705 ƙarƙashin mai zane John Vanbrugh, amma bai tafi sumul ba. Matar Duke, Sarah, ta ɓata da sarauniya, kuɗin gwamnati ya tsaya a 1712, ta kuma ɓata da Vanbrugh har ya ajiye aikin. Sai a wajejen 1722 ginin ya kammala, da kuɗin iyalin. Har yau akwai kuɗin haya da iyalin ke biyan gidan sarauta kowace shekara: ƙaramar tuta irin ta tsofaffin sarakunan Faransa, wadda ake aikawa Windsor idan ranar yaƙin ta zagayo.

Fadar na da ɗakuna 187, filinta ya haura hekta 800. Babban tafkin da ke gabanta ba halitta ba ce: daga 1764 wani mai tsara lambuna da ake kira Capability Brown ya datse ƙaramin kogin Glyme, ruwa ya taru. A wani ƙaramin ɗaki na ƙasa aka haifi Winston Churchill a ranar 30 ga Nuwamban 1874, wanda ya shugabanci Birtaniya a Yaƙin Duniya na 2. Kabarinsa na ƙauyen Bladon, dab da shingen filin. A 1987 hukumar UNESCO ta sanya Blenheim cikin jerin kayan tarihin duniya, jerin da tsohon garin Agadas ya shiga a 2013.

Riƙon gida irin wannan bai taɓa zama da sauƙi ba. A shekarun 1880 iyalin sun sayar da littattafai da zane-zane masu daraja don biyan bashi. A 1895 Duke na 9 ya auri Consuelo Vanderbilt, ɗiyar wani attajirin jiragen ƙasa na Amurka, wadda ta zo da hannun jari na dala miliyan 2 da rabi. Kuɗin ya gyara gidan, auren kuwa ya mutu. A lokacin Yaƙin Duniya na 2 ɗaliban wata makaranta, daga baya jami'an leƙen asiri, suka zauna a ciki. A 1950 aka buɗe ƙofa ga masu biyan kuɗin shiga. Yanzu ana shirya bukukuwa da wasanni da baje koli a ciki don jawo mutane. A irin wannan baje koli ne, a watan Satumban 2019, ɓarayi suka fasa suka sace wani masai na zinariya, aikin wani mai fasaha ɗan Italiya. An hukunta wasu a 2025, amma ba a ga zinariyar ba.

Me ya sa masu sarauta suka buɗe gidajensu?

Labarin Blenheim ba nata ba ne ita kaɗai. Arzikin masu sarautar Ingila a ƙasa yake: manoma na noma filayensu suna biyan haya. Daga shekarun 1870 alkama mai araha ta fara kwarara daga Amurka cikin jiragen ruwa, farashin hatsi ya faɗi, kuɗin haya ya bi shi. Yaƙin Duniya na 1 ya kashe magada da yawa, barorin gida kuma suka gano cewa albashin masana'anta da na ofis ya fi na goge azurfa.

Sai harajin gado. Da aka kafa shi a 1894, mafi yawan abin da gwamnati ke ɗauka kashi 8 ne cikin 100. A 1919 ya kai 40, a 1949 ya kai 80 a kan manyan dukiyoyi. Da Duke na Devonshire, mai gidan Chatsworth, ya rasu a 1950, sai da magajinsa ya sayar da filaye masu yawa, ya miƙa wa gwamnati kayan tarihi da wani babban gida mai suna Hardwick Hall kafin ya fita daga bashin. Wasu iyalai ba su samu mafita ba. Sukan sayar da kayan ɗaki, su cire ƙofofi da dalmar rufi, a rushe sauran. An ƙiyasta cewa a 1955 ana rushe babban gida ɗaya duk kwana biyar.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A 1949 mai gidan Longleat ya fara karɓar kuɗin shiga kamar ɗan kasuwa, a 1966 ya kawo zakuna ya sake su a filinsa, mutane na zagayawa cikin motocinsu suna kallo. Gidan Woburn Abbey ya buɗe a 1955. Takwarorinsu sun yi musu dariya da farko, daga baya suka bi sahu. A wannan zamani fim ma ya zama hanya: gidan Highclere ya farfaɗo ne bayan an ɗauki shirin talabijin na Downton Abbey a cikinsa daga 2010.

Wata hanyar ita ce ƙungiyar National Trust, wadda mutum uku suka kafa a 1895, ciki har da wata mata mai suna Octavia Hill. Wata doka ta 1907 ta ba ta ikon riƙe wuri har abada ba tare da an sayar ba, wata kuma ta 1937 ta ba iyalai damar miƙa mata gida tare da dukiyar kula da shi, su ci gaba da zama a wani ɓangare, jama'a na ziyartar sauran. A yau tana da ƴan ƙungiya sama da miliyan 5 masu biyan kuɗin shekara, da wurare fiye da 500. Dattawan da mai ziyara ke gani tsaye a ɗakuna suna bayani, yawancinsu ƴan sa-kai ne da ba a biyansu ko sisi. Dokar haraji ta yanzu ma na sassauta wa mai gidan tarihi, in ya yarda ya kula da shi kuma ya bari jama'a su shiga.

Ƙauyukan Cotswolds: arzikin ulu, sannan talauci

Da an wuce Woodstock zuwa yamma, ƙasa ta fara hawa da sauka, an shiga yankin Cotswolds. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000, akasarinsa a jihohin Gloucestershire da Oxfordshire, kuma tun 1966 doka ke kare shi a matsayin yanki mai kyawun halitta. Gidaje, coci-coci, shingayen gonaki, har da rufin ɗakuna, duk da dutse iri ɗaya aka yi su, mai launin zuma, wanda ake haƙowa a yankin.

Tumaki ne suka gina waɗannan garuruwa. Daga ƙarni na 13 zuwa na 15 gashin tumakin Cotswolds na cikin mafi tsada a Turai, fatake daga Italiya da Flanders na zuwa saye. Attajiran ulu suka gina manyan coci-coci a ƙananan garuruwa irin su Northleach, Burford, Fairford da Chipping Campden. Darajar ulu ta kai har yau shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan matashin da aka cusa wa ulu yake zama. A dandalin kasuwar Stow-on-the-Wold, marubuci Daniel Defoe ya ba da labarin an sayar da tumaki 20,000 a cin kasuwa ɗaya. Ƙananan lungunan da ke shiga dandalin, da su ake tafiyar da garke a jere.

Da injin tururi ya zo a ƙarshen ƙarni na 18, sana'ar saƙa ta ƙaura zuwa arewacin Ingila, inda ake da kwal. Ƙauyukan Cotswolds suka talauce, matasa suka tafi birane. Waɗanda suka rage ba su da kuɗin rushe tsohon gida su gina sabo, sai gidajen suka tsaya yadda suke. Wato talaucin jiya ne ya adana kyawun da ake biyan kuɗi a gani yau. Bayan Yaƙin Duniya na 2 doka ta ɗora daga inda talauci ya tsaya: an yi rajistar tsofaffin gine-gine, kuma laifi ne mai gida ya canza taga ko rufi a irin wannan gini ba tare da izinin hukuma ba.

Wuraren da aka fi zuwa sanannu ne. A Bourton-on-the-Water, kogin Windrush mai ruwa iya idon sawu ya ratsa tsakiyar gari, da ƙananan gadojin dutse biyar, mafi tsufa ta 1654, kuma duk watan Agusta ƴan ƙwallon garin na buga wasa a cikin ruwan. A Chipping Campden akwai rumfar kasuwa ta dutse da aka gina a 1627, daga nan kuma wata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 164 ta miƙe zuwa birnin Bath. A Bibury akwai jerin gidaje da ake kira Arlington Row, wanda aka gina a wajejen 1380 a matsayin rumbun ulu, aka mai da shi gidajen masaƙa a ƙarni na 17. An taɓa sanya hotonsa cikin fasfon Birtaniya.

Idan baƙi sun fi ƴan gari yawa

Mazauna Bibury kimanin 600 ne. A ƙarshen makon da ya fi cika, kafofin labaran ƙasar sun ruwaito cewa baƙi kan kai 20,000, manyan motocin bas kuma har 50 a rana, a kan hanyoyin da aka yi don keken doki. Ƴan garin na kukan an toshe musu ƙofa, ana leƙa tagoginsu, ana shiga lambunansu don ɗaukar hoto. A 2017 an farfasa tare da kankare ƙaramar motar wani dattijo mai launin rawaya da ke ajiye ƙofar gidansa, bayan an daɗe ana ƙorafin tana ɓata wa masu ziyara hoto. Masu motoci masu launin rawaya kusan 100 suka yi jerin gwano cikin ƙauyen don nuna masa goyon baya. A 2025 hukumar jihar Gloucestershire ta fara gwajin hana ajiye manyan bas a tsakiyar ƙauyen. A Castle Combe, wani ƙauye a kudancin yankin, ƙananan jirage marasa matuƙa masu ɗaukar hoto ne ke damun mazauna.

Bambancin fada da ƙauye a nan yake. Fada na da ƙofa da mai karɓar tikiti, tana iya ƙayyade adadin masu shiga, kuɗin kuma ya tafi kai tsaye wurin gyara. Ƙauye ba shi da ƙofa. Wanda bas ya sauke na minti 20, ya ɗauki hoto ya koma, bai bar wa garin komai ba sai cunkoso da shara. Masu otal da gidajen abinci da shaguna na ƙaruwa da baƙi, shi ya sa ba kowa ke son a rage su ba. Ga kuma matsalar gidaje: masu kuɗin Landan na sayen gida na biyu don hutu, wasu na ba da hayar kwana ɗaya ko biyu ta intanet, farashi ya fi ƙarfin ƴaƴan da aka haifa a wurin. Daga Afrilun 2025 doka ta ba ƙananan hukumomin Ingila ikon ninka harajin gida a kan irin waɗannan gidaje na biyu.

Daga ina dukiyar ta fito?

Ba duka arzikin gidajen nan daga haya da tumaki ya fito ba. A watan Satumban 2020 National Trust ta fitar da rahoto da ya nuna cewa wurare 93 da take kula da su na da alaƙa da mulkin mallaka ko cinikin bayi. Ɗaya daga ciki shi ne Dyrham Park, a kudancin Cotswolds, gidan William Blathwayt, jami'in da ke kula da kuɗaɗen ƙasashen da Ingila ta mallaka a ƙarshen ƙarni na 17. A cikinsa akwai sassaƙen baƙaƙen mutane biyu a durƙushe, ɗaure da sarƙa. Da aka soke bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayengijin bayi diyya, bayin kuwa ba su samu komai ba, kuma wasu masu manyan gidaje na cikin waɗanda suka karɓa. Rahoton ya jawo cacar baki, wasu na ganin an ɓata musu wurin hutu da siyasa, wasu na cewa gaskiya ce da aka daɗe ana ɓoyewa.

A Windsor ma akwai kabarin ɗan Afirka. Yarima Alemayehu, ɗan Sarki Tewodros na Habasha, sojojin Birtaniya suka tafi da shi a 1868 yana ɗan shekara 7, ya rasu a 1879 yana da 18. Habasha ta sha neman a mayar da gawarsa, a 2023 fadar Buckingham ta ce ba za a iya tono ta ba tare da taɓa wasu kaburbura ba.

Abin da mai niyyar zuwa ya kamata ya sani

Mai fasfon Nijar na buƙatar bizar Birtaniya, kuma bizar Schengen da ake shiga Faransa da ita ba ta aiki a nan. Kuɗin shiga kowace daga cikin fadojin uku ya haura fam 25 ga babba, wato sama da jaka 18 na sefa, kuma gara a sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar. Fada ɗaya ta isa yini guda, domin zagaya ɗakuna da lambu kan ci awa uku zuwa huɗu. Tsarin da mutane da yawa ke bi shi ne Oxford da Blenheim ranar Asabar, kwana a Woodstock ko Burford, ƙauyuka biyu ko uku ranar Lahadi. Wanda ya zaɓi Windsor ya je Asabar, saboda cocin Saint George ba ya karɓar ƴan kallo ranar Lahadi.

Jirgi daga tashar Paddington na kai wa Moreton-in-Marsh, a arewacin yankin, cikin kusan awa ɗaya da rabi. Bas tsakanin ƙauyuka ba shi da yawa, ranar Lahadi ya fi ƙaranci. Mai hayar mota ya tuna cewa ta hannun hagu ake tuƙi, hanyoyin kuma ƴan siriri ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, abin da ke shafar tsarin tafiya da lokutan salla. Ruwan sama na iya sauka kowane wata. Abincin halal na samuwa cikin sauƙi a Landan da Oxford, inda akwai masallatai, amma a ƙauyuka da wuya, kuma karin kumallon otal yakan haɗa da naman alade, don haka sai an tambaya. Hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki doka ta ba kowa damar binsu, da sharaɗin ya tsaya kan hanya, ya bar ƙyauren shinge yadda ya same shi. Gidajen ƙauyen kuwa na mutane ne da ke zaune ciki, kuma wanda ya zo da sassafe ko ya kwana a garin ya fi ganin wurin da kyau, ya fi kuma amfanar masu shi.

A Blenheim, an fara babban aikin gyaran rufi a 2025, wanda aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 12, saboda ruwan sama na barazana ga zanen da ke saman babban zauren. Masu kula da fadar ba su rufe ƙofa ba. Sun kafa dandamali a saman ƙarafan gini, inda masu tikiti suka riƙa hawa suna kallon rufin da kuɗinsu ke gyarawa.